Shanun da Bubayaro Ya Hana a Gasa

Ni da Bubayaro guga ɗaya muka ja, a rijiyar da ke bayan karar shanu ta Potiskum, tun zamanin da Turawa ke ƙasar. Aikinmu mu cika komi, shanun fatake su sha su wuce. Ni a kan haka na tashi, ban san wani aiki ba. Shi kuwa Bafulatanin daji ne. Ciwon bushiya ya shiga garkensa ya share shi, aka bar shi da karsana ɗaya mai farin goshi da yake kira Wule. Ya ba wansa Joda riƙonta, ya shigo gari neman abin da zai ci kafin ta hayayyafa. Ranar da ya zo, cewa ya yi damina ɗaya zai yi.

Yana nan yana jiran wannan damina ɗaya ta wuce, sai ga shi ya auri Yelwa, 'yar Ngizimawa mai ginin tukwane a unguwar Dogo Nini. Suka haifi 'ya mace, ya sa mata Asta, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Inna. Har yarinyar ta fara famfara yana nan.

Ba mai surutu ba ne. In shanu sun zo komi ba ya kallon masu su, shanun yake kallo. Wani lokaci sai in ji nauyin guga ya dawo kafaɗata ni kaɗai, in waiga in gan shi a tsugune yana duba kofaton wata saniya.

"Sule, ƙaya ne a ƙafarsa."

"A ƙafarta. Kuma ba taka ba ce. Zo kama igiya."

Hausarsa ke nan har ya tsufa, bai taɓa raba mace da namiji ba. Matarsa ma "kai" yake ce mata, ita kuma ba ta gajiya da gyara masa.

Gidan nasu ɗan ƙarami ne, kuma tukwane sun cinye shi. Ɗanyu suna shan iska a inuwa, gasassu an jera su jikin danga, sai mutum ya bi a karkace kafin ya kai bakin ɗaki. Bubayaro bai saba da ɗaki ba. A tsakar gida yake shimfiɗa tabarmarsa, tsakanin randuna. In Yelwa ta sayo nono a kasuwa ta dama masa fura, yakan sha, amma ba ya ɗaga kai. Ya taɓa ce mini a gidan ubansa ba a taɓa shan nonon saye ba.

Abu ɗaya ne na ga yana sake masa fuska. Bayan la'asar, in mun tashi daga rijiya, sai ya gutsuri yumɓun Yelwa ya zauna gindin danga yana gina shanu. Kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma ga tozo, ga ƙaho, har yadda take karkata wuya. Ya shafa wa wata farar ƙasa, wata gawayi, wata jar ƙasa. Ba shanun banza ba ne, nasa ne da suka mutu, yana dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ya kafa musu ɗan garke da tsinke, Asta ce makiyayiya. Yana nuna mata: fara ita ce Raneye, ja Woɗeye, baƙa Ɓaleye, mai farin goshi Wule, wadda take raye a wurin Baffa Joda. Fillancin yarinyar ke nan gaba ɗaya. Da uwarta Ngizimanci take yi, a waje Hausa.

Ɗanyen yumɓu ba ya jure ruwa. Duk damina shanun sukan narke su koma laka, Asta ta yi ta kuka, da rani ya sake ginawa. Yelwa ta sha yi masa magana.

"Kawo in sa maka su a wuta tare da tukwanena, mu huta. Yumɓuna kake cinyewa a banza."

"Bari, mai tukunya. Na ɗan lokaci ne. Ruwa ya sauka mun tafi, Inna ya ga na gaske."

"Mun tafi ina? Ramin yumɓuna a nan yake, kabarin uwata a nan yake. A kan bijimi zan ɗora randa in bi ka?"

"Kai dai ba ka san daji ba."

"Ke ake cewa."

Zancen tafiyar na daɗe da daina sauraronsa, don na ji shi har na gaji. Abin da mutum ya yi nake dubawa. To, a nan akwai abin dubawa: bai yarda an gasa shanun ba. Muddin suna ɗanyu, na san mutumin nan bai zauna ba, ƙafarsa ɗaya tana waje.

Wata bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas, aka aiko cewa Joda ya sauka da shanu a fadamar bayan gari, kan hanyarsu ta yin arewa. Bubayaro ya wanke rigarsa, ya zaro sandarsa daga rufin ɗaki. Ya ce da Asta zai je. Yelwa ta ce ba ta yarda ba sai in da ni.

"Malam Sule, amana. Ka dawo mini da ita. Shi in ya ga dama ya bi shanun, ban riƙe shi ba."

Muka tafi da hantsi. Tun daga nesa tafiyarsa ta canza, har ina sauri kafin in cim masa. Shi da Joda suka daɗe suna gaisawa da Fillanci. Sannan Joda ya sunkuya ya yi wa Asta magana. Ta dube shi, ta dube ni.

Joda ya juya Hausa. "Buba, ashe 'yar Haɓe ka haifa."

"Ya san sunan shanu duka, Hamma," in ji Bubayaro. Haka yake kiran wan nasa da Fillanci.

"To madalla. Wule tana nan, ga 'ya'yanta, har da jikoki. Ban taɓa ko ɗaya ba. Sun isa mutum ya fara. Mu gobe za mu tashi, in kana zuwa ka zo. Kira kayanka."

Bubayaro ya matsa gaba, ya sa hannu a gefen baki, ya yi kira. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, doguwa, tana hawa tana sauka. Wasu shanu suka ɗaga kai. Wule, tsohuwar saniya mai farin goshi, tana can tana cin ciyawa. Ya sake kira. Ta kaɗa bindi ta kori ƙuda.

Joda bai yi dariya ba. Ya ɗan kaɗa harshe, ya faɗi sunanta a hankali kamar mai magana da na kusa. Nan take ta ɗago, ta taho, 'ya'yanta na biye.

"Ta tsufa ne," in ji Joda. "Kunnen ya yi nauyi."

Duk mun san ba kunne ba ne.

Bubayaro ya miƙa mata hannu. Ta shinshina tafin nan da igiyar guga ta yi wa kanta, ta yi huci, ta girgiza ƙaho. Asta ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayana, ta riƙe rigata gam.

"Inna, zo. Wule ne. Zo ka taɓa shi."

"Ba ita ba ce! Wule tana gida!"

"Na gida laka ne. Wannan ne na gaske."

"Ni ba na son wannan, wari take yi. Baba, mu koma, ga hadari can. Ruwa zai narkar da su."

Ya dubi gabas. Ya dubi saniyar, wadda ta riga ta koma jikin Joda tana goga masa kai. Sannan ya ce, "Hamma, ci gaba da riƙo."

"Har yaushe?"

Ya ɗauki Asta ya saɓa a wuya, muka juyo. Sandar a hannuna ta dawo, don ya manta da ita a ƙasa.

Mun tarar da Yelwa a bayan gida tana jera tukwane a wurin gashi, tana rufe su da kara da busasshen kashin shanu. Gashin ƙarshe ne kafin ruwa ya sauka. Ta ga 'yarta, ta ga mijinta, ta ci gaba da aikinta. Bubayaro ya wuce gindin danga, ya kwashe shanun a gaban rigarsa, ya kawo ya zube mata.

"Mai tukunya, sa su."

Ta tsaya da kara a hannu. "Ka sani fa, abin da ya shiga wuta ba ya komawa laka."

"Kai dai sa su."

Ran nan ba ta gyara masa ba. Ta karɓa, ta sa su ɗaya ɗaya a cikin babbar randa don kada tukwane su danne su, ta cinna wuta.

Washegari ya riga ni zuwa rijiya. Shanun Joda suka biyo ta nan shan ruwa kafin su yi arewa. Wule ta sa baki a komi tare da sauran, shi yana jan guga. Bai saki igiya ba ko sau ɗaya, har suka sha suka wuce.

Da la'asar na raka shi gida in mayar masa da sandarsa. Yelwa ta fito da shanun daga toka. Ba wadda ta fashe, in ka ƙwanƙwasa ƙara suke yi. Amma wuta ta cinye farar ƙasa da gawayin, duk sun fito jajaye, iri ɗaya. Asta ta jera su a garkensu, tana juya wannan tana juya waccan.

"Baba, wacce ce Wule?"

Ya tsuguna ya duba. Na san ya gane ta, don shi ya gina ƙahon.

"Zaɓi wanda ka so, Inna."

Daga ranar bai ƙara taɓa yumɓu ba, bai kuma ƙara yi mini zancen damina ba. Sandar Yelwa ta karɓa, da ita take tona wuta in tana gashi. Mun ci gaba da jan guga ni da shi har ƙarfinmu ya ƙare. Shanun kuwa suna nan gindin danga, ruwa yana dukansu kowace shekara, ba abin da yake samunsu.