Ranar da 'Yardada ta hau soro da sif

In ka shigo ta Ƙofar Mazugal ka ce gidan Baba 'Yardada mai alkaki kake nema, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka da ƙaho. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙatuwar murya. Tun tana amarya take yi wa mutanen Dala alkaki da dubulan na biki, har mijinta ya rasu ya bar ta da kaskonta da bakinta. Bakin nan kuwa, Allah ya raba mu da shi.

Ita ce fa ta yi shekaru tana cewa talabijin akwatin shaiɗan ce. Sai shekarar da soja suka koma bariki, ɗanta Mikail ya kawo mata wata mai kala daga Ikko. Ta lulluɓe ta da zani kamar gawa. Rannan da la'asar aka kawo wuta, jikoki suka yaye zanin suka kunna katun, ta zo wucewa da matsami a hannu, ta tsaya. Har man kasko ya ƙone ƙurmus ba ta motsa ba.

Katun ɗin na wasu aminai ne da ke yawo a ƙasar aljanu suna ƙwato garuruwa daga hannun dodo. Baba ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, don haka ta raɗa musu suna da kanta. Akwai Zanƙalele mai dogon wuya, akwai Tulu, ƙaton da ke ciccibar dutse, sai wani kunkuru mai tabarau, shi ne mai dabara. Kullum Tulu sai ya ruga shi kaɗai ya sha duka, sannan kunkuru ya raba wa kowa aiki a ci nasara.

"Kai Tulu, sakarai, jira 'yan'uwanka!" Haka za ka ji ta tun daga bakin titi. Akwai ranar da maƙwabta suka shigo rabon faɗa, suka tarar da ita da akwati take yi.

To, ana haka bikin jikarta Sa'adiyya ya taso. Baba ta sa aka yi mata sif mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, sif ɗin da in ka buɗe shi za ka iya saukar baƙi a ciki. Ranar jere aka turo shi a kura har lungun gidan ango. Nan fa ake yin ta. Ƙofar zauren gajera ce, ga kwana a ciki. Aka gwada a tsaye, aka gwada a kwance, aka gwada a karkace. Sif ya ce bai san zance ba.

Sabo kafinta ya share gumi ya ce, "Baba, sai dai a raba shi biyu da zarto. In an shiga na haɗa, ba wanda zai gane."

"Lami za ta gane."

Lami gwaggon ango ce, kuma da yamma za ta zo da mutanenta ganin ɗaki. Matar da ke shafa kayan amarya da yatsa tana neman aibi. In ta ga tabon zarto, kafin magariba an ji har unguwar Zaitawa cewa jikar mai alkaki ta tare da sif mai ɗinki, kuma da sunan za a kira yarinyar har ta yi jikoki.

Hanya ɗaya ta rage, a bi da shi ta kan soron maƙwabci a zura shi cikin gida. Maƙwabcin kuwa Malam Kolo ne, malamin da kakanninsa suka zo daga Barno. Aka yi masa sallama aka roƙa. Ya ce shi dai namiji ba zai hau soronsa ya leƙa masa iyali ba, ya juya ya shige.

Baba ta bi bayansa da kallo. "Namiji ya ce, ko?"

Sai gani aka yi ta tuɓe mayafi ta yi ɗamara da shi. Sa'adiyya ba ta wurin, amma uwarta ta dafe ƙirji. "Baba, don Allah ki rufa mana asiri!"

"Shi nake rufawa." Ta dubi wata doguwar mata cikin 'yan jere. "Ladi, ke ce Zanƙalele, ki hau ki hango mana hanya. Gambo, ke ce Tulu."

Gambo, wadda ita ke dakan biki a unguwar, ta ce, "Ni ce me?"

"Tulu. Yabo ne. Kuma kar ki ja sai na ce."

Aka tsince igiyoyin guga na lungun kaf. Aka ciro ƙyallen kamfen ɗin wani ɗan takarar kansila da ya sha ƙasa, aka naɗe sif da shi, madubin kaɗai ya rage a waje. Aka kafa tsani. Jama'a, Baba 'Yardada, matar da ko tabarma za ta tashi daga kai sai ta kira sunan Allah da na jikoki biyu, ita ce ta fara hawa! Mata suka bi ta. Maza na turawa daga ƙasa, kansu a sunkuye, mata na ja daga sama, tsohuwa na ba da oda kamar sabon gwamna.

"Ja! Tsaya! Tulu, na ce tsaya, halinki ke nan!"

Mai wanki ya saki wankinsa. Wani mai keke ya shiga kwata yana kallon sama. Sif ya hau soro lafiya lau.

Sai dai daga sama, gidajen cikin gari duk kamarsu ɗaya. Ladi ta leƙa ta ga tsakar gida a share, ta ce nan ne. Aka fara sassauta igiya.

Malam Kolo na zaune kan buzu yana rubutu, sai inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai ya ga wani dattijo mai farin gemu yana saukowa daga sama, ido a zare, ya nufo shi. Salatin da ya saki, an ce har tantabarun dutsen Dala sai da suka tashi. Tawada ta kife. Sai da matarsa Fatsuma ta fito tana riƙe ciki don dariya ya gane kansa ya gani a madubi.

"Hajiya! Ke ce a kan sorona?"

"Ni ce, Malam. Ka duba da kyau, akwai namiji a cikinmu?"

Malam ya dubi sif, ya dubi gajeriyar katangar da ta raba shi da gidan ango, ya ce a fitar masa da abin nan ko ta ina ne. Ya ɗauki buzunsa ya fice. Fatsuma da 'ya'yanta suka tallafa ta nan, 'yan jere suka karɓa ta can, sif ya shiga ɗakin amarya ko ƙwarzane babu.

Da Lami ta iso, ta shafa shi sama, ta shafa shi ƙasa, ta leƙa bayansa. Ta fita ta auna ƙofar zaure da hannu, ta dawo ta sake aunawa. Bakinta a buɗe ta ce, "Ta ina ya shigo? Ina kakar amaryar?"

"Ga ni nan, sannunku da zuwa!"

Suka ɗaga kai. Baba na zaune a bakin soro, ƙafa a miƙe. Hawa ta iya, amma da ta leƙa tsanin gwiwoyinta suka ce ba da su ba.

"Lami, kin gama shafawa? To in ba ki samu komai ba, zo ki riƙe min tsanin nan."