Dutsen da Yaya Sa'a Ba Ta Saki Ba

Wata Laraba ce a watan Muharram na shekarar 1966. Alhazai sun watse, gidan saukar baƙi na Ammi Bakur da ke unguwar Misfala a Makka ya yi tsit, ba kowa a ciki sai mu yara. Ina durƙushe a jiƙaƙƙen daɓe da tsintsiyar kaba a hannu, zanina ya jiƙe sharkaf, ina jiran Yaya Sa'a ta saki dutsenmu na ƙarshe. Har ta lanƙwasa gwiwa ta kanne ido ɗaya yadda ta saba, sai ga mahaifiyarta a bakin ƙofa, ko takalmi babu a ƙafarta. "Sa'a, yalla, taso! Askar, 'yan sanda, sun tafi da babanki." Yaya Sa'a ta ajiye dutsen a kan layin jifa, ta bi mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kada wanda ya taɓa, yanzu zan dawo." Shekarata tara a lokacin, kuma na gaskata ta har zuciyata.

Yaya Sa'a 'yar Kawu Idi ce, wan Ummata. Tare iyayenmu suka zo aikin Hajji daga ƙasar Kano suka yi zamansu ba iƙama, wato takardar izinin zama. A tsakar gida ɗaya muka tashi a unguwar Tandabawi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, duka ma tare muke sha. Kawu Idi ruwa yake ɗauka wa alhazai a Arfa, Umma kuwa ita ke share gidan Ammi Bakur, wani dattijo haifaffen Makka da kakansa ya fito daga Sakkwato, wanda Hausarsa duk ta karye. Idan baƙi suka tafi, akan bar wa Umma mabuɗi ta riƙa wanke ɗakuna, mu kuma namu jigilar bokiti da kakkaɓe tabarmi a rana. A babban ɗakin ƙasa ne, mai daɓen dutse mai sheƙi, muka gano cewa in an kwara ruwan sabulu, faffaɗan dutse kan yi tafiya a kai kamar ba zai tsaya ba. Daga nan aikin ya zama wasa, muka sa masa suna sulɓi.

Kada ku raina shi, wasa ne mai doka. A can ƙarshen ɗakin, inda ruwa bai cika kaiwa ba, mukan zana da'ira da gawayi mu kira ta bet, ɗigon tsakiyarta kuma ido. Duwatsun baƙaƙe ne, waɗanda ruwan kwari ya goge, mu muke tsinto su bayan an yi ruwa. Kowane ɓangare yana da rayyis, mai faɗin inda za a nufa, da 'yan shara masu bin gaban dutse da tsintsiya suna kawar da tsakuwa don ya ƙara nisa. Dutsen da bai tsallake layin tsakiya ba matacce ne, a fitar da shi. Wanda tsintsiya ko ƙafa ta taɓa ya ƙone, shi ma waje. Wanda aka girke a gaban bet don ya tare hanya sunansa haris. In an gama jifa, ɓangaren da dutsensa ya fi kusa da ido shi ya ci. Yaya Sa'a ce rayyis ɗinmu, bakinta bai hutawa: "Share, Hajara, share! Hannun naki na kunu ne?" Ni kuwa sai in yi ta gurzar daɓe har kafaɗata ta yi tsami.

Akwai doka ɗaya da ko Ɗan'asabe, rayyis ɗin abokan karawarmu kuma sarkin maguɗi, bai taɓa karyawa ba. In aka kira wani aike ana tsakiyar wasa, duwatsu sukan zauna inda suke har ya dawo, don wasan da ba a saki dutsensa na ƙarshe ba bai ƙare ba. Mu 'ya'yan masu aikin gidan mutane ne, kullum cikin kira muke, shi ya sa muka kafa ta. Wannan dokar na riƙe hannu biyu-biyu.

Kwana ya yi kwana Yaya Sa'a ba ta dawo ba. Manya suna ta ƙus-ƙus, in na matso su yi shiru. Daga baya na tsinci cewa an kai Kawu Idi Jidda, matarsa ta kwashi yara ta bi shi, an zuba su a jirgin ruwa. Umma ba ta iya zuwa ko bankwana ba, don ita ma in ta je ba za ta dawo ba. Babana ya daina fita sai masallacin unguwa. Ba wanda ya iya yin komai, kowa jira yake kada a ƙwanƙwasa tasa ƙofar. Ni kaɗai nake ganin ina da dabara. Tunda dutsenta yana kan layi, ai dole ta dawo ta sake shi. Kullum in na bi Umma Misfala sai na fara leƙa ɗakin, in sabunta zanen bet da gawayi, in share kewayen duwatsun a hankali kada ɗaya ya ƙone. Sauran yara suka gaji suka koma langa da 'yar gala-gala a lungu. Umma takan wanke ɗakin ta kewaye wannan gefen.

Da Rajab ya kama, masu Umra suka fara isowa. Ammi Bakur ya zo duba gidansa, ya tsaya a kan duwatsun yana jujjuya carbi. "Esh hada, mene wannan, ya Hajja? Wannan duwatsu fita, gobe baƙi." Na sha gabansa ina rantse-rantse cewa wasa ne ba a gama ba, mai jifar tana hanya. Ya dube ni, ya dubi Umma, ya ce a hankali, "Ya binti, wanda ya shiga babur na ruwa..." jirgin ruwa yake nufi, amma bai ƙarasa ba ya juya. Umma ta durƙusa ta tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya cikin bokiti. Na riƙe mata hannu, na yi birgima a daɓen, na kira ta azzaluma, kalmar da ban taɓa faɗa mata ba. Ba ta doke ni ba. Da ta zo kan na Yaya Sa'a sai na ga hawaye na bin fuskarta, a nan na gane ita ma watannin nan jira take yi. Ta ɗauke shi, ta kwara ruwa, gawayin ya bi rariya.

Yau gidan Ammi Bakur babu shi, wani dogon otal ne a wurin. Kwanaki jikana ya kira ni in ga wani wasa a talabijin, Turawa a kan ƙanƙara suna tura dutse zuwa da'ira, biyu na gabansa suna shara kamar za su huda ƙasa, ɗaya yana ta ihu daga can. Ya ce su ma dutsen da aka taɓa ƙonanne suke ce masa, kuma kowa so yake jifar ƙarshe ta zama tasa. Na zauna na kalla har aka tashi, suka yi musabaha, kowa ya kama hanyar gidansa. Na yi cigiyar Yaya Sa'a a bakin alhazan Kano shekara da shekaru, ban samu wanda ya san ta ba. Ban ma san ko a raye take ba, balle in yi mata addu'ar da ta dace da ita.