Aubrey, Ka Zuba wa Dutsen Fenti Kuwa?

Da hantsin ranar Laraba, 12 ga watan Maris, 2025, mai kula da gidan tsofaffin da nake zaune ta shigo ɗakina, ta kashe rediyo, ta ce Aubrey Moyce ya cika a asibitin Jamestown. Ubangijin da ya ba mu aronka ya karɓi abinsa. Da kai aka rufe jerin abokan da muka shiga jirgin ruwa tare daga nan Saint Helena zuwa tsibirin Ascension neman aiki muna samari. Ni kaɗai na saura, ga ƙafa ta ƙi, ga ido ya yi rauni.

Ban taɓa kiranka Aubrey ba sai a wannan takarda. Zabo muke ce maka, domin ba ka iya buɗe gwangwanin fenti ba tare da ka fito da ɗigo-ɗigo tun daga gira har takalmi ba. Kai ne mai shafa wa tankunan ruwa da layukan filin jirgin soja fenti, ni kuma akawu a bakin tashar jiragen ruwa. Kullum ka gan ni sai ka ce, "Akawu, yau ma alƙalamin ya gajiyar da kai? Zo in ara maka buroshi ka san aiki."

Alherinka ba ya buƙatar shaidata. Lokacin da jirgin kaya ya yi jinkiri har kanti ya koma ba dankali ba albasa, kai ne ka riƙa fita kan duwatsun bakin teku da ƙugiya, matarka Mavis ta soya ƙosan kifi, ka bi ɗakunan gwauraye kana rabawa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ka ɗauke ni a motarka ka hau da ni Green Mountain, ka ce mutum ba ya warkewa yana kallon toka da ƙonannen dutse, sai ya ga ganye. Jakunan nan da ke yawo ba mai su ma sun san ƙarar motarka, don ba ka wuce su ba ka ajiye musu bokitin ruwa ba.

Amma tsibirin ba ya riƙe kowa. Ko a can aka yanke wa mutum cibiya, ba shi da taƙi ɗaya na ƙasarsa. Gida na ma'aikata ne, izinin zama na tafiya da kwangila, ranar da aiki ya ƙare kuwa sai jirgi. Mun san haka tun ranar da muka sauka, sai dai sani daban, ranar ta zo daban. Taka ta zo da nauyi, domin Mavis ta riga ta kwanta a maƙabartar Georgetown da ke bakin teku, kuma dokar ba ta san da zaman mai gadin kabari ba.

A shekara ɗaya muka yi ritaya. A mashaya, gaban kowa, ka bugi tebur ka ce, "Tsibirin nan ya cinye mini mata, ya cinye mini ƙuruciya, yanzu ya tofar da ni. Wallahi sai na yi wa Ƙadangare wanka da fenti!" Ƙadangare shi ne tulin dutsen nan na gefen hanyar Two Boats, wanda duk mai barin tsibirin da ba ya son ya sake dawowa yake zuba wa fenti, da sharaɗin kada ido ya gan shi. Ni na riga na zuba nawa kore, ban ko yi dogon tunani ba.

Ana gobe za mu tashi, da tsakar rana lokacin da zafi ya kori kowa daga hanya, ka ce in raka ka. Ka ɗauko ɗan gwangwanin fenti ruwan ɗorawa, ragowar na layin filin jirgi da shugabanka ya bar maka. Ka tsayar da mota nesa kaɗan, ka ce, "Juya ƙeya, Akawu. In ka leƙa, sai na shafa maka sauran a sanƙo." Na juya. Ka daɗe ƙwarai, har na fara gyangyaɗi. Da ka dawo ka jefa gwangwanin a bayan mota, ni kuma ban tambaye ka ba.

Kwana biyu bayan jana'izarka, 'yarka Loretta, wadda ke aikin jinya a Ascension, ta zo ta same ni da zoben aurenka a tafin hannunta. Ta ce, "Kawu Basil, so nake in koma da shi in binne a gefen Mama. Amma kowa ya ce Baba ya zuba wa dutsen fenti. In ya rantse ba zai koma ba, ba ni zan mayar da shi dole ba. Kai kaɗai kake wurin. Ya zuba ko bai zuba ba?"

Na ce, "Yarinya, ƙeyata ce take wurin, ita kuwa ba ta da ido."

Ta yi dariya tana hawaye, ta ce jirginta na tashi ƙarshen mako.

Ka bar ni da aiki, Zabo. Na zauna ina juya wannan rana a raina kamar mai neman maɓallin riga a cikin yashi. Abin da ya fara dawo mini shi ne rigarka. Fara ce, ta zuwa coci, domin daga nan gidan abokai za mu je sallama. Da ita ka tafi, da ita ka dawo, kuma na tuna matar da ta tarbe mu har ta tsokane ka ta ce yau Zabo ya zama balbela. Kai da ko murfi ka taɓa sai an gani a kunnenka, yaya aka yi ka watsa gwangwani guda a cikin iskar wurin nan ka dawo fes?

Ban gamsu ba tukuna. Na roƙi Loretta ta kai ni gidanka na Half Tree Hollow. Tana taimaka mini in hau matakala, na ɗora hannu a ƙofar don in huta, sai na tsaya ina kallon abin da na dafa. Ƙofar nan da duk unguwa ke yi maka dariya a kanta, ana cewa jirgi zai iya kuskure ya sauka a falonka. Ruwan ɗorawa ce, ciki da waje, har da dogaranta. Ba kantin da ke sayar da wannan launi a Saint Helena. Shekara nawa na yi ina zama a bakinta muna cin plo, dafa-dukar shinkafar nan tamu, ban taɓa tambayar kaina inda fentin ya fito ba.

Na ce wa Loretta, "Tafi da zoben. Ubanki cika-baki kawai ya yi. Ga fentin nan, gida ya kawo shi."

Abu ɗaya ne har yanzu ban gano ba, kuma babu mai gaya mini. Me ka tsaya yi a gaban dutsen duk tsawon lokacin nan? Zaginsa ka yi, ko haƙuri ka ba shi? Ko kuwa tsayawa kawai ka yi don in ɗauka ka cika rantsuwarka? Da na sani da na leƙa, ko da zan kwana da sanƙo ruwan ɗorawa.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka mazaunin da ba a korar kowa in aiki ya ƙare. Ya ba Loretta da 'ya'yanta da dukan dangin Moyce haƙurin wannan rashi, ya sa alherin da ka shuka ya bi su.

Jiya Loretta ta bugo waya ta ce ta binne zoben a gefen Mavis. Ka koma ke nan. Ni kuwa na zuba nawa fentin da hannuna, ba ni da bakin cewa a kai ni. Ka gaishe mini da Mavis, ka gaishe da jakunan.

Basil Clingham,
Longwood, Saint Helena.