Birekar Tafkin Alhaji

Shekara goma sha ɗaya ni ke yi wa gidan Alhaji aikin lantarki a Daura. Dillalin shanu ne da ke shigo da dabbobi ta Kongolam, kuma ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidansa, ni ake aika wa. A bakin kasuwa ma da haka aka san ni, mai wutar gidan Alhaji, kuma ba na ɓoyewa, ina jin daɗin sunan.

Bayan an ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Alhaji ya ce jikokinsa da ke zuwa hutu daga Kaduna sun daina zuwa wankan otal, inda maza da mata ke cuɗanya. Ya sa aka haƙa tafkin wanka a bayan gida, aka ɗaga katanga. Na zauna ina jiran a kira ni in haɗa wa injin tace ruwan wuta. Har sabuwar filaya na saya. Sai wata Juma'a, muna fitowa daga masallaci, na ji wai an ba ɗan goggona aikin.

Taubashina ne, ɗan mace, saboda haka a wasanmu na gida bawana ne. Wurin oga ɗaya muka koyi aiki, ni na nuna masa yadda ake fere waya. Daga baya ya tafi makarantar koyon sana'a a Katsina, ya dawo da wata mitar auna wuta mai allura da yake ratayawa a wuya, yana magana a hankali kamar likita. Ranar nan ban iya cin tuwo ba. Matata ta tambaya ko zazzaɓi ne, na ce mata eh.

Na bi ta gidan sau biyu da sunan gaisuwa don in ga abin da yake yi. Ya kafa sandar tagulla a ƙasa da gawayi da gishiri, wannan kowa ya iya. Amma ya saka wata ƙaramar bireka mai maɓalli rawaya a gaban duk layin bayan gida. Ya bayyana mini cewa tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in kaɗan ta zurare ta ƙasa ko ta jikin mutum, nan take za ta yanke. Na ce masa mu da yatsa muke gane wuta, ba da kayan ado ba. Ya yi dariya, Alhaji ma ya yi, amma kafaɗarsa Alhaji ya dafa, ba tawa ba.

Mako biyu da buɗe tafkin aka aiko mini. Birekar nan ta hana injin sakat, da an tayar sai ta faɗi, ruwa har ya fara kore, yara kuma suna ta ƙorafi. Wallahi da farin ciki na hau babur. Alhaji yana tsaye yana faɗa, na ce masa aikin 'yan makaranta ke nan, takarda da yawa, hannu babu. Na yanko guntuwar waya mai kauri na tsallake birekar, na haɗa wutar kai tsaye, yadda muke yi wa fiyus in ya dame mu. Inji ya tashi. Alhaji ya ce dama ya san tsohon hannu daban ne, ya shige cikin gida yana cewa a gaya wa yara su shirya wanka bayan la'asar.

Azahar ta yi, na cire takalmi zan yi alwala a famfon gefen tafki. Ƙasar wurin jiƙe take, domin nan injin ke zubar da ruwan da ya wanke. Na dafa ƙarfen fitilar lambu zan tsuguna. Wuta ta fizge ni ta jefar, hannuna ya mutu har kafaɗa, gefen yatsana ya ƙone. Na daɗe a zaune cikin laka ina salati. Takalman roba ƙanana guda uku na jere a gindin ƙarfen, inda yaran ke ajiye su.

Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na ari fartanya wurin mai gadi na tona. Ban yi nisa ba na ci karo da mahaɗar waya, an murɗa ta hagu, an naɗe da robar tayar keke maimakon a saka ta a akwati. Robar ta ruɓe, tagulla tsirara cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A duk Daura mutum ɗaya ke irin wannan naɗin, kuma ni ne. Shekara shida da suka wuce na binne ta, ranar da nake saurin tafiya ɗaurin aure a Baure.

Na gyara ta yadda ya kamata, na cire guntuwar wayata, na mayar da birekar. Ta zauna daram, ba ta ƙara faɗuwa ba. Ban ce wa Alhaji komai ba, har ya sake yaba mini.

Washegari na je shagon taubashina, ban ma san abin da zan ce ba. Ya ba ni benci, ya ce tun kwana uku mitarsa ta nuna masa inda wutar ke zurarewa, a tsohon layin fitilun lambu, kuma ya san wanda ya ja layin. Shi ya ce wa Alhaji abin ya fi ƙarfinsa, a kira ni.

“Bawa ba ya tona asirin ubangidansa,” in ji shi yana murmushi. “Kuma hankalina a kwance yake, tunda birekar na nan tana tsare yaran. Ba ka dai taɓa ta ba ko?”

“Ban taɓa ba,” na ce.

Ya dubi tsumman da ke naɗe a yatsana, sannan ya tambayi lafiyar iyalina. Har yau ni ake kira gidan Alhaji, kuma na san wanda ya bar mini wurin. Da aikin kawai ya fi ni iyawa, da na haƙura tuni. Abin da ke ci mini rai shi ne ya fi ni hali, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.