Ranar da Ajinmu Ya Zama Kogi

Har yau ban manta da ranar da sufeto ya zo duba Malam Garba ba. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ina koyar da Arabiyya a wata firamare kusa da Wara. Malam Garba sabon malamin Turanci ne, yana zaman gwaji. Ƙa'ida ita ce sufeto ya zauna ya ga darasi guda. In ya gamsu a tabbatar da mutum a aiki, in bai gamsu ba a sallame shi.

Da safe Malam Garba ya same ni, fuska ba walwala. Ya ce, "Malam, darasin yau akwai kalmar rapids, wato inda kogi ke gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu yana kumfa. Jiya na zana, na kwatanta, yaran ga kallona kawai suke."

Na ce, "Ina za su sani? Bayan an datse kogi a Kainji aka haife su. Tafki ya haɗiye wuraren, ruwa kwance suka tarar. Ni kam na ratsa su da mahaifina cikin jirgin ruwa, har yau ƙarar na cikin kunnena."

Sai ya ce, "To zo ka zama matuƙi."

Muka shiga ajinsa, ya warwatsa bencinan yara, su ne duwatsu. Yara suka zama ruwa, suna gudu tsakaninsu suna ruri. Ni da wasu yara uku muka jeru, ina riƙe da gorar tuƙi, mu ne jirgi. Na karanta addu'ar shiga jirgi, muka kutsa.

Muna cikin haka sufeto ya shigo, hedimasta na bayansa yana salati. Kowa ya tsaya cak. Sufeto ya nuna wata yarinya, Hajo, ya ce ta sa kalmar rapids da ke kan allo cikin jimla. Ta ce da Turanci, tsohon garin innarta yana kusa da rapids, yanzu duka suna ƙarƙashin tafki.

Sai sufeto ya juyo gare ni. "Malam, wa ya koya maka tuƙi? Haka za ka kifar da mutane!" Ashe ɗan masunta ne. Ya ajiye jaka, ya tattare riga, ya karɓi gora, ya ce, "Ruwa, ku taso!"

An tabbatar da Malam Garba, alhamdu lillahi. Tun daga ranar, in kalma ta gagari ɗalibaina, ko ta Larabci ce, ba na ɗaga murya. Nakan fara tambayar kaina ko sun taɓa ganin abin.