Ranar da Baba Ya Yi Kwanciyar Gawa

Babana bai taɓa dukan kowa ba, da murya yake nasa. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan shi ne ba jirgi hannu da tuta, ja da kore, kuma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana magana a gindin kan jirgi, ko gishiri zai ce a miƙo masa sai an ji a gida na uku. Wannan duk mun saba. Abin da Mama ta kasa sabawa da shi shi ne ba ya barin mutum ya kai ƙarshen zance. Kana farawa ya riga ya san inda ka dosa, sai ya tare ka a hanya ya ƙarasa maka, sau da yawa ma ba can ka nufa ba. An ce ni ma na gado shi, amma masu faɗin haka ban taɓa barin su sun gama ba, don haka ban san hujjarsu ba.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama abin ya kai maƙura. Mama na addu'a a kan tuwon acca, ta roƙa wa marasa lafiya, ba ta ko iso kan matafiya ba, Baba ya ce "Amin!" ya tsoma hannu a miya. Mama ta buɗe ido ta dube shi. Washegari ta ɗaure kayanta, ta ɗora zanenta na zumuntar matan coci a sama.

"Ina za ki, Maman yara?"

"Gidan yayana. Ranar da ka iya yin shiru har na gama magana, sai ka..."

"In aiko a ɗauko ki, na sani," in ji Baba.

Mama ta juyo ta dube ni. "Kin gani ko?" Ta ɗauki kayanta ta kama hanyar ƙauyensu, can gindin dutsen Kagoro.

Lokacin ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba, sai gida ya rage daga ni sai shi, muna ta katse wa juna magana. Ya je biko da dattawan coci, ya ƙarasa wa kawuna duk abin da zai faɗa, ya dawo shi kaɗai. Damina ta wuce, aka tone citta, Mama ba ta dawo ba. Baba ya rame har wandon kakinsa na zamewa. Ni kuma kewarta ta hana ni sakat, ko ba a faɗa ba.

Wani mai sayar da tikiti ne ya ba shi labarin wasu Indiyawa. Gwamnati ta kawo malamai daga can, kuma akwai wani mai koyar da lissafi a sakandare wanda shi da matarsa ke koya wa mutane wani abu wai yoga a barandarsu ranar Asabar da safe. An ce yana kwantar da hankali. Baba ya ce in raka shi, ko don in shaida ba tsafi ake yi ba.

Mijin, wanda kowa ke ce wa Malam, shi ne mai bayani. Yana da tumbin da ya daɗe da raba shi da ganin yatsun ƙafarsa, amma ba gaɓar jikin mutum da bai san yadda ake lanƙwasa ta ba, a baki. Matar, Madam, 'yar ƙarama ce mai kitso ɗaya har gadon baya. Hausarta ba ta cika cokali ba, amma sai ta naɗe jikinta kamar zanen da za a sa a akwati.

"Baba, hankali kamar biri," in ji Malam. "Biri tsalle nan, tsalle can. Kai zauna, kai duba biri."

"Biri a gonar masara ba duba shi ake ba, jifa ake," in ji Baba.

Malam ya ce idan mutum ya dage, wata rana zai farka ya ga shi da duniya duk abu ɗaya ne. Baba ya ce shi ba duniya yake nema ba, matarsa yake nema. Haka suka yi ta yi. Baba ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar balbela, ya faɗa kan tukunyar furen Madam. Da aka zo wanda ake kwanciya rub da ciki a ɗaga kai irin na gamsheƙa, ya ƙi fur, ya ce shi dattijon ikkilisiya ne, kuma kowa ya san abin da maciji ya ja mana.

Na ƙarshe shi ne kwanciyar gawa. Mutum ya miƙe rigingine, ya saki hannu da ƙafa, ya ja numfashi a hankali har ciki ya kusa daina motsi, kome ya ji kuma kada ya tanka. Baba ya kwanta yana ba da labarin wani gyaran layi. Madam ta durƙusa kusa da kansa.

"Baba, tunani jirgi. Jirgi zo, jirgi wuce. Kai ba tuta. Ba ja, ba kore."

Baba ya yi tsit. Ban taɓa ganin magana ta shige shi haka ba.

Ranar da abin ya faru lokacin mangwaro ne, ƙuda ya cika barikin ma'aikatan jirgi inda muke zaune. Bayan abincin rana Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ya ɗauko farin zanen gadon da Mama ke ajiye wa baƙi saboda ƙuda.

"Malama, ko gobara ce kada ki tashe ni," ya ce mini, ya lulluɓa tun daga kai, babban yatsan ƙafarsa kawai ya bari a waje.

Ina niƙa barkono a dutse, hawaye na zuba, sai ga maƙwabciyarmu matar direban jirgi ta shigo aron rariya. Ta dubi farin zane, ta dubi idona. Ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu! Baba ya tafi!"

"Tsaya mana, ai ba..."

"Kada ki yi magana, yarinya, na sani! Na sani!"

Ta fita a guje. Kafin in wanke hannu gida ya cika. Duk wanda na tara da bayani sai ya rungume ni ya ce in yi haƙuri. A wajenmu ba a buɗe fuskar mamaci sai nasa sun iso, Fasto kuma ya tafi taro Zonkwa, don haka ba wanda ya matsa kusa. Iska na ɗan kaɗa zanen, ba wanda ya lura da cikin da ke tashi kaɗan kaɗan. Na cika na batse, na hau kan turmi zan yi ihu irin na gado. Sai na ji matar direba na cewa ƙaninta ya riga ya hau babur, ya tafi ɗauko Mama.

Na dubi tabarma. Babban yatsan Baba ya motsa sau ɗaya, ya tsaya cak. Na gane ya ji. Na sauko daga turmi na rufe bakina, kuma har yau ban yi nadama ba.

Matan zumunta suka jera benci suka fara waƙa. Ma'aikatan tasha suka zo, shugaban tasha ya cire hula ya ce marigayi mutumin kirki ne, bai taɓa makara ba, sai dai baki. Wani ya ce yanzu dai za a riƙa jin ƙarar jirgi sosai. Yatsan Baba ya lanƙwashe, ya miƙe. Wani nunannen mangwaro ya faɗo tim a kan cikinsa ya gangara, ko gezau. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, har itace ya san mai gida ya tafi."

Can sai ga Indiyawan, su ma labari ya kai musu. Madam ta tsaya ta ƙura wa zanen ido, sannan ta dube ni. Na girgiza mata kai a hankali. Malam ya ɗaga yatsa, ya ce, "Amma wannan ai..." Madam ta mintsine shi a tumbi. Ta zauna a ƙasa ta harɗe ƙafa, ta raɗa mini, "Yana kyau. Yana kyau sosai."

Rana ta yi sanyi sa'ad da muka ji babur. Mama ta sauko da jar ƙasar gona a ƙafarta, ɗankwali a karkace. Ba ta yi kuka ba, amma yadda take tafiya kamar ƙasar ba ta da tabbas ya sa na ji tsoron abin da muka yi. Ta durƙusa, ta ɗaga zanen daga fuskarsa, ta daɗe tana kallo. Daga baya ta gaya mini jijiyar nan ta gefen goshinsa ta gani, wadda ke tashi duk sa'ad da magana ta zo masa, tana ta harbawa. Ta mayar da zanen ta gyara shi tsaf.

"Ku ɗan matsa," ta ce wa jama'a. "Ina da magana da mijina."

Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta fara da yarenmu. Ta fara da rediyon da yake ƙure wa murya idan tana ba da labarin kasuwa. Ta bi ta kan ranar da ya gaya wa likita abin da ke damunta, aka ba ta maganin ciwon da ba ta da shi. Ta ƙarasa addu'ar tuwon acca, ta roƙa wa matafiya. Masu jin yaren suna sunkuyar da kai, ba su san ko su yi dariya ba.

Sannan muryarta ta sauka. Ta yi maganar yaron da ta haifa kafin ni, wanda ban san komai game da shi ba sai cewa an yi shi. Lokacin suna wata 'yar tasha a daji, Baba na bakin aiki, zazzaɓi ya kama jaririn, tana riƙe da shi tana jiran jirgin da zai kai su asibiti, ya cika a hannunta.

"Duk sa'ad da na ɗauko zancen sai ka ce Allah ne ya ba mu, ya karɓi abinsa. Na sani. Ba shi nake so in gaya maka ba. Da safen ranar ya yi dariya. Ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe, kuma da ƙarfi ya yi ta, irin taka. Ni kaɗai na ji. Shi ke nan abin da nake so ka sani."

Farin zanen ya jiƙe wuri biyu, daidai idanu. Yatsan bai motsa ba. Mama ta jira, ta share fuska da bakin zanenta.

"Na gama, Baban yara."

Aka ɗan ɗauki lokaci. Sannan daga ƙarƙashin zanen, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba, Baba ya ce, "Amin."

Kafin ƙiftawar ido gida ya watse. Matar direba ta tsallake shinge ta bar takalmi ɗaya. Shugaban tasha ya manta hularsa, sai washegari ya aiko a karɓa. Benci ya kife da tsohuwar mangwaro, ta tashi da kanta ta riga yara fita. Malam na ta bin mutane yana cewa wannan ita ce farkawar da yake faɗa, ba mai saurarensa. Da dangin Mama suka iso a bayan akori-kura da akuyar makoki, suka tarar da mamacin yana shan kunu. Aka yanka akuyar duk da haka, tunda mutane sun zo daga nesa.

Majalisar coci ta zauna a kan maganar, ta rasa sunan da za ta ba laifin. A ƙarshe Fasto ya yanke cewa nan gaba in Baba zai kwanta, ya lulluɓa da zane mai launi. Mama ta kwana a gida ranar, ba ta sake yin yaji ba. Ba zan ce Baba ya zama kurma ba, hali zanen dutse ne. Amma in ya tare ta a tsakiyar zance, sai ta ce, "Ba tuta," ya haɗiye sauran, yatsansa na motsi a cikin silifa. Indiyawan sun koma ƙasarsu bayan 'yan shekaru, Madam ta bar wa Mama tukunyar furen da Baba ya fasa wa baki.

Shekaru da yawa bayan haka Baba ya rasu, a gado, bayan ya yi ritaya. Maƙwabta suka cika gida amma ba wanda ya yarda ya fara kuka, an taɓa cin su sau ɗaya. Kowa ya zuba wa Mama ido. Ta ɗaga zanen ta dubi gefen goshinsa, ta mayar. Ta zauna ta yi masa magana da yarenmu, ba mai tsawo ba wannan karon.

"Na gama, Baban yara," ta ce.

Muka jira, dukanmu, har da Fasto. Mama ta matsa kusa da kunnensa ta sake faɗa. Sai a lokacin matar direba ta fara kuka.