Malami Mai Amfulifaya Ya Naɗe Tabarmarsa

Duk wanda ke bin hanyar tashar Boɗinga da sassafe ya san rumfar Malami Sodangi, wadda ke tsakanin mai shayi da teloli. Kafin motocin Sakkwato su fara lodi ya riga ya iso a kan tsohon kekensa, ya share gaban rumfar, ya yayyafa ruwa, ya hura gawayi a ɗan kasko. A cikin gawayin nan yake gasa ƙarfen da yake narka dalma da shi, domin wutar lantarkin garin ba abar da mai sana'a zai zauna jira ba ce. Daga nan sai ya fito da amfulifayoyin mutane, na'urorin ƙara sauti, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan benci, ya zauna ya kara kunne.

Haka ya yi shekara talatin da wani abu. Ƙarshen watan nan zai mayar wa mai rumfa makullinsa, kuma babu wanda zai gaje shi. Shi ya sa ya dace a yi masa jinjina tun yana raye, ko da yake ba lalle ya ji ta sosai ba in an karanta masa.

Da wuya a sami masallaci daga Dingyaɗi zuwa Shagari da hannun Malami bai taɓa lasifikarsa ba. Masu shelar rigakafi, masu walimar saukar Alƙur'ani, masu tallan magani a kasuwa, makaɗan biki, duk wajensa suke kawo kayansu in sun shaƙe. Ladanai da yawa sun shaida cewa yakan hau keke ya je ƙauye ranar Alhamis don kada Juma'a ta riski gari ba murya, ya gama ya sha ruwa kawai ya juyo.

Amma abin da ya raba shi da sauran masu gyara wata tsohuwar tabarma ce da yake ajiyewa a lungun rumfa. Masu harkar sauti mutane ne masu yawan imani da kayansu. Wani ya rantse jar waya ta fi baƙa fitar da murya. Wani ya ce amfulifaya in ba ta da nauyi ba ta da daɗi. Wani ya ce tasa sai ta yi zafi take waƙa. Malami ba ya musu da kowa. Sai dai ya miƙe ya ɗauko tabarmar, ya rataye ta a igiya tsakanin mutum da kayan, ya ce, "To, mu gwada mu gani." In idonka bai ga abin da aka kunna ba, sai kunnenka ya faɗi gaskiyarsa. Shi kansa ya taɓa faɗuwa a wannan gwajin. Ya daɗe yana cewa tsofaffin wayoyin da yake cirowa daga rediyoyin zamanin da sun fi na yanzu taushin murya. Ran da ya zauna bayan tabarmarsa ya kasa rarrabewa, ya yi dariya, bai sake faɗar maganar ba.

Kai ne, Malami, wanda da ka ga dama da ka ci abinci da ruɗin mutane har ka gina gida. Abokan sana'arka sun gina. Mai kaya ya zo yana son a ce masa akwai wani sirri da za a ƙara masa, kai kuma ka ce masa nasa lafiya lau yake, ya ɗauka ya tafi. Da yawa sun tafi ɗin, ba su dawo ba.

Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Abdulrazak mai jita, mutumin Shagari. Abdulrazak ya koyi kiɗa a Ƙonni wajen wani Buzu, ya zauna hannunsa har mutumin ya rasu, ya bar masa jitarsa da wata baƙar amfulifaya ta ƙasar waje. Da su ya dawo gida, da su yake ciyar da iyalinsa a lokacin bukukuwa, in rani ya yi kuma ya noma albasa a 'yar fadamar da ya gada. Wata rana da la'asar, ana tsakiyar biki a Danchaɗi, janareta ya yi tsalle, amfulifayar ta yi hayaƙi ta mutu. Washegari ya kawo ta Boɗinga a rungume kamar mara lafiya.

Malami ya buɗe ta, ya duba. Sannan ya ce, "Abdu, wagga ta tahi. Cikinta duk ya ƙone. Amma lasihikarta ta tsira, ita kam lahiya take."

Abdulrazak ya ce, "Baba Malami, wagga ba akwati ta ba. Muryar maigidana na ciki. Na ga irinta Sakkwato wurin wani ɗan kasuwa. Sai in sai da hwadamata in saye ta."

"Hwadamar da ɗiyanka ka ci?"

"In ba irinta ba, ba ni iya kiɗi. Sauran duk kuka sukai, ita kaɗai ka magana."

Malami ya roƙe shi ya dakata zuwa ranar kasuwa. Ya ɗora kekensa a mota ya je Sakkwato, ya aro irin wannan amfulifayar daga wajen wani makaɗi da ya sani, ya bar masa keken jingina. Ya dawo ya ajiye ta kusa da wata da ya harhaɗa da hannunsa a cikin akwatin katako, wadda ko fenti ba ta da shi. Ya haɗa su duka biyu da lasifikar marigayin, yadda za a iya sauya waya daga wannan zuwa waccan. Ya sa mita ya daidaita ƙararsu, domin ya san kunne duk wadda ta fi ƙara ita yake cewa ta fi daɗi. Ya rataye tabarma. Ya kira Haliru tela ya zauna a baya yana sauya wayar yadda ya ga dama, yana sa alama da allinsa a jikin bango, don kada shi Malami ma ya san wadda ke aiki.

Mutane suka taru, har masu shan shayi suka taso da kofunansu. Abdulrazak ya zauna ya ɗauki jita. Ya kaɗa, ya lumshe ido, ya ce, "Wagga ta, ta wajen." Aka sauya. Ya kaɗa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wagga ta katako ta." Haka aka yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga. Da aka ɗaga tabarma aka duba allin Haliru, sai ga shi inda ya dace da inda ya kuskure kusan ɗaya suke. Wadda ya fi yabawa, har ya ce ya ji maigidansa a ciki, ta katako ce.

Malami bai tsaya nan ba, don ba neman cin gardama yake yi ba. Ya cire lasifikar marigayin ya sa wata, nan take kowa ya ji murya ta sauya, har mai shayi ya ce wannan ta yi kaushi. Ya kuma murɗa amfulifayoyin biyu har ƙarshe, inda sauti ke fara fashewa, ya nuna cewa a can kam sun bambanta, kowace da irin tsagewarta. Ya ce, "Ban ce duk ɗaya suke ba. Amma kai ba ka kiɗi can sama, ban taɓa jin ka kai nan ba. Inda kaka kiɗi, abin da kaka so yana ga lasihikar ga da yatsunka. Ɗauki ta katakon, na ba ka. Bar hwadamarka."

Abdulrazak ya miƙe, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ka tara min mutane ka kunyata ni, Baba. Ka maishe ni wanda bai san kayan sana'atai ba." Ya saɓa jitarsa, ya ɗauki lasifikar, ya bar ta katakon a kan benci.

Kafin damina ta faɗi ya sayar da fadamar, ya sayo amfulifayar. Bai ci moriyarta ba. Shekarun da suka biyo baya bukukuwa suka koma hannun masu kunna waƙa daga waya, ga tsoron hanya ya sa mutane sun rage taro. Mai jita ya zama ba a nemansa sai jefi-jefi. Labari ya iso Boɗinga cewa Abdulrazak yana ƙwadago a fadamar da ta kasance tasa, yana ban ruwa wa albasar wani. Malami ya ji, ya shiga rumfa ya zauna, ranar bai taɓa aikin kowa ba. Ya faɗa wa matarsa Zainabu cewa da ya sani da su biyu kaɗai ya yi gwajin, wataƙila da yaron ya saurare shi.

Ita ma rumfar ta yi ta ja da baya. Kayan yanzu a liƙe suke zuwa, in sun lalace a jefar a sayi sabo. Waɗanda ya koya wa aiki sun watse, wasu sun koma cajin waya, wasu sun kama tuƙin keke mai ƙafa uku. Ya rage shi da masallatan ƙauye da ba su da halin sayen sabo.

Bana kuma abin da ya fi wannan ya same shi. Wani ladan daga Dingyaɗi ya dawo da amfulifayar da Malami ya gyara masa, ya ce tana wani siririn fito da ke huda kunne. Malami ya kunna, ya kara kunne, ya ce shi bai ji komai ba. Haliru tela daga rumfarsa ya ɗago kai ya ce, "Malam, kashe ta don Allah, tana shiga min haƙori." Malami ya dubi ladan, ya dubi tela, ya kashe.

Wani zai ce kunnen mutane ne ya lalace. Shi sai ya naɗe tabarmarsa ya kai ta gida. Bayan sallar azahar ya rataye ta a tsakar gida, ya zaunar da Zainabu a baya da amfulifayar da batir, ya nuna mata inda za ta kunna ta kashe. Ya ce duk lokacin da ya ji fiton zai ɗaga hannu sama da tabarma, ita kuma kada ta tausaya masa. Ya juya baya ya zauna. Zainabu ta kunna, fiton ya cika gidan har kaji suka watse, hannun Malami bai motsa ba. Ta kashe, gida ya yi tsit, sai ga hannunsa ya taso a hankali. Ta sake, ya sake. Da ta ga abin ya ishe ta sai ta bar maɓallin ta rufe fuska da gyale.

Ya ce, "Mi kig gani? Hwaɗa min gaskiya."

Ta ce, "Malam, ka daɗe ba ka ji. Ina kiranka daga madahi sai na zo na taɓa ka. Na rasa yadda zan hwaɗa maka."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To, ba ni ƙara karɓar kayan mutane."

Abin da ya hana shi sukuni bayan haka shi ne tunanin Abdulrazak. In kunnensa ya fara mutuwa tun a wancan lokacin fa? In akwai bambancin da yaron yake ji, shi ne bai ji ba? Ya shiga mota ya tafi Shagari, ya same shi a fadama, ƙafafunsa cikin laka. Suka gaisa kamar baƙi. Malami ya faɗa masa abin da ya faru, ya ce, "Na zo in ce maka wataƙila kai ad da gaskiya. Ka yahe min."

Abdulrazak ya jingina fartanyarsa. Sai da ya matso kusa ya ɗaga murya kafin Malami ya ji shi. Ya ce, "Baba, ba kunnenka anka gwada rannan ba, nawa na. Kuma tun kan a ɗaga tabarma na san ban gane ba. Na sawo ta, na kai ta ɗaki, na kaɗa, ban ji maigidana ba. Hannunai nika nema, shi ko yana ƙasa. Kunya ta hana ni zowa in hwaɗa maka." Suka tsaya a bakin kwarin albasa. Fadamar ba ta dawo ba, kunnen ma ba zai dawo ba.

Kai ne, Malami, mai gwada magana kafin ka yarda da ita, ko da taka ce. Ka gwada jar waya da baƙa, ka gwada ta waje da ta katako, da abin ya zo kanka ba ka ɗaga wa kanka ƙafa ba. Gaskiyarka ba ta cece fadamar Abdulrazak ba, ba ta riƙe maka masu kawo aiki ba, ba ta bar maka magaji ba. Ba za mu yi maka ƙaryar cewa ta biya ka ba, don kai ba ka son a faɗi abin da ba a tabbatar ba. Abin da muka tabbatar shi ne garuruwa da yawa sun ji kiran salla ta hannunka, kuma ba a taɓa samun wanda ka sayar wa ruɗi ba.

Mun gode, Sodangi. Allah Ya saka maka, Ya sa abin da ka rasa ya zama kaffara, Ya ba Zainabu ladan haƙurinta. Masu sana'a da ke tasowa, ku yi koyi da shi: kafin ku rantse a kan kaya, ku rufe ido ku gwada, kuma in za ku nuna wa mutum kuskurensa ku ja shi gefe. Ku kuma mutanen Boɗinga, in kun gan shi zaune a ƙofar gida, kada ku yi masa sallama daga nesa ku wuce kuna cewa bai amsa ba. Ku matso, ku tsaya inda zai ga bakinku, ku gaishe shi da ƙarfi.